Daga Sauka Baya Zuwa Makarantar Allo

Jawabin da kwamitin walwala ya gabatar ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya. An buga shi yadda aka faɗe shi, saboda waɗanda ba su samu halarta ba.



Hajiya Shugaba, iyayen ƙungiya, manyan baƙi, masu gidajenmu da suka daure suka zauna a taron mata tun safe, 'yan'uwa mambobi, barkanmu da war haka. Allah Ya maimaita mana.

Ma'aji ta karanta lissafi, mun ji abin da ya shigo da abin da ya fita, mun kuma tafa. Mu a kwamitin walwala namu lissafin daban ne. Akwai waɗansu mambobi da sunansu ba ya cikin rajista, ba su taɓa zuba ko sisi a asusu ba, amma ba a taɓa zaman wata ba su halarta ba. Kuna ma jin muryarsu daga bayan rumfa. 'Ya'yanmu ke nan, 'yan shekara ɗaya zuwa uku, waɗanda suka sauka daga baya amma ba su isa zuwa makarantar allo ba. Yau a kansu za mu yi magana, kuma muna da roƙo da za mu ajiye a gaban ƙungiya.

Me ya sa muka ware waɗannan shekarun? Jariri yana bayan uwa, zani ya tsare shi, nono ya ciyar da shi. Ɗan shekara biyar yana da baki, in yunwa ta kama shi zai faɗa, in ya ga wuta ya san wuta ce. Na tsakiyar nan shi ne abin ji: ƙafa ta samu, hankali bai iso ba. Kuma a daidai lokacin ne uwa take cewa alhamdu lillahi ya yi ƙwari, ta koma sana'a gadan-gadan, wata ma ga sabon ciki. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A nan Arewa maso Yamma kashi 57 ne, fiye da rabi ke nan. Yawancin wannan tsumburewa kafin yaro ya cika shekara 2 take kama shi, kuma abin da ya rasa a lokacin, a jiki ko a ƙwaƙwalwa, da wuya a mayar masa daga baya.

To mu fara da kwano. A nan maganar ta fi ba mu kunya, don dubi abin da muke sayarwa: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, garin zogale. Duk abin da ma'aikatan lafiya ke roƙon a ba yara, mu muke ƙulla shi a leda mu miƙa wa mutane. Sai a leƙa kofin yaron mai awara a tarar da koko tsululu, ruwa da sukari. Cikin ɗan shekara ɗaya ƙarami ne, abin da yake ɗauka a zama ɗaya bai wuce kofin shayi guda ba. In aka cika shi da ruwan koko, ya ƙoshi a ido, amma jikinsa bai samu komai ba. Shi ya sa ake so kunun yaro ya yi kauri, yadda in an karkata cokali ba zai zube nan take ba, a kuma zuba masa wani abu a ciki: garin gyaɗa, ko garin busasshen kifi, ko ɗan cokalin mai. Ya ci sau uku zuwa huɗu a rana, a tsakani a ba shi ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, ayaba ce, gwanda ce, dafaffen dankali ne, ko yankan awarar nan da ba za ta karya jari ba.

Garin nan da ake kira Tom Brown ma ba wani abin Turawa ba ne. Mudu shida na gero ko dawa ko masara, mudu uku na waken suya, mudu ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire dusar waken, a niƙa tare. Duka ukun suna Dawanau, kuma mu ne muke saro su da buhu.

Ƙwai kuma, iyayenmu, ku yi mana afuwa. Mun taso muna jin cewa yana koya wa yaro sata. Mun daɗe muna kiwon kaji, ba mu ga ɓarawon da ƙwai ya haifa ba.

Sai maganar kwanonsa daban. Cin abinci tare tarbiyya ce, ba mu ce a daina ba. Amma ku tsaya wata rana ku kalli ɗan wata goma sha takwas a tsakiyar yayyensa huɗu a kan tire ɗaya. Kafin ya gama juya loma guda a baki, an suɗe miya. Uwa daga madafi ta leƙo ta ga tire wayam, ta ce yara sun ci. Su waye suka ci? A zuba masa nasa, a zauna kusa da shi, a ga abin da ya shiga cikinsa. Zai ɓata jiki, zai watsar da rabi, zai ce da hannunsa zai ci. A ƙyale shi, a dai wanke masa hannun da sabulu tukuna.

Yaye. Addini ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma shekara biyu ta ce ko fiye. A nan malam da likita ba su saɓa ba. Inda muke da magana shi ne yadda ake yin yayen. Al'adarmu ita ce rana ɗaya a yanke, a shafa abu mai ɗaci a nono, ko a naɗe wa yaro kayansa a kai shi gidan kaka. Kakanni sun yi mana wannan hidima shekara da shekaru, Allah Ya saka musu. Sai dai mu duba abin ta wajen yaron: a yini guda ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya saba kwana. Yaro da yawa daga nan suke ƙin abinci, su rame, zawo ya biyo baya, sai a ce ai yaye ne bai karɓe shi ba. In za a yi, a yi shi sannu: a rage na rana tukuna, a bar na dare, a tabbata ya saba cin tuwo da kunu sosai kafin a cire gaba ɗaya. In gidan kaka za a kai shi, ya zama ya saba da ita tun kafin ranar. Kada a yaye yaro yana cikin ciwo, ko ana tsakiyar zafin bazara in da hali.

Mai sabon ciki kuma, da ake tsorata ta cewa nonon ya lalace, yaro zai sha ciki, ta je awo ta tambaya. In cikin lafiyayye ne, nonon bai zama guba ba. Abin da ke kayar da yaron shi ne yanke masa nono dare ɗaya yana ɗan wata tara ko goma, ba a tanadi abin da zai maye gurbinsa ba.

Yanzu mu zo kan abin da ke hana amarenmu barci, wato gasar tafiya. Ɗan wance ya fara tatata yana wata goma, nawa ga shi wata goma sha huɗu yana bin bango. Kishiya ta yi habaici, uwar miji ta ce nauyin ƙafa irin na dangin uwarsa. Ku kwantar da hankalinku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe daban-daban, ta ga lafiyayyen yaro yana iya fara tafiya shi kaɗai tun daga wajen wata 8 har zuwa kusan wata 18. Zama kuma daga wajen wata 4 zuwa 9. Wani ma ba ya rarrafe sam, jan gindi zai yi ta yi, rana ɗaya a ga ya miƙe. Tazarar tana da faɗi. Amma tana da iyaka, kuma iyakar ce muke so kowa ta riƙe: yaron da ya cika wata 18 bai taka ba, ko ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu irin "Umma ruwa" ko "ba ni", ko ana kiran sunansa daga baya ba ya waiwayowa, ko ya iya abu sannan ya daina, wannan a kai shi asibiti a duba. Sau da yawa yaron da ake cewa miskili ne, kunne ne ba ya ji sosai, musamman wanda kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa ana toshewa da auduga.

Haƙori kuwa, wallahi an ɗora masa laifin da bai ji ba bai gani ba. Daga wajen wata 6 har zuwa shekara biyu da rabi ko uku yaro yana fitar da haƙora, guda 20. Kun ga ke nan duk ciwon da zai yi a waɗannan shekaru, dole ya dace da wani haƙori na fitowa. Haƙori yana sa dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi, ƙananan rigima, jiki ya ɗan yi ɗumi. Zazzaɓi mai zafi da zawo kamar famfo da amai, wannan ciwo ne, a neme shi da sunansa. Zawon yana zuwa ne don a lokacin komai ya tsinta a ƙasa baki yake kaiwa. In ya fara, a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda yadda aka rubuta a jikinta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya yini a zubar a sake sabo, a haɗa da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14, kada a daina nono ko abinci. In ido ya faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko ya kasa sha, ko da jini a bayan gidan, ba a kwana da shi a gida. Masu shekaru a cikinmu za su tuna ƙarshen 2008, lokacin da maganin haƙorin nan My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan saboda gubar da ta shiga haɗinsa, har NAFDAC ta kwashe shi daga kasuwa. Iyayen yaran nan sauƙi suka je nema wa 'ya'yansu, a kan abin da tsabtataccen yatsa a goga a dasashi zai iya lallashi.

Rigakafi ba za mu daɗe a kai ba, kun sha ji. Abu ɗaya dai: da yawa muna ɗauka an gama a wata 9, ranar da aka yi ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai a jefa kati ƙarƙashin katifa. Akwai ta ƙyanda ta biyu a wata 15, akwai ɗigon bitamin A duk wata shida har shekara 5. Da damina kuma, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, na kwana uku ne kowane wata. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannunmu yake. Nan ne ake mantuwa.

Baki kuma da ji yake buɗewa. A nan muna da wata al'ada da ya kamata mu duba da idon rahama, wato kunyar ɗan fari. A da, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma bai rasa komai ba, don gidan cike yake. Kaka tana tsokanarsa tana kiransa maigida, in mace ce ta ce ga kishiyata, gwaggo ta goya, baba ƙarami ya ɗaga shi sama. Yaro yana iyo cikin magana tun safe har dare. Yau fa? Amarya tana ɗaki biyu na haya a bayan gari, miji ya fita tun asuba, daga ita sai yaron sai waya. In ta ce za ta yi kunya irin ta iyayenmu, wa zai yi masa magana? Ƙannenmu, a gaban surukai ku yi kawaicinku, ba mu hana ba. In kun koma ɗaki ku yi ta zuba masa surutu. Kina tankaɗe ki ce ga gari, kina wanki ki ce wannan rigar Abba ce, ya nuna akuya da yatsa ki ce e, akuya ce, me take ci? Ba kuɗi ake biya ba.

Waya kuwa ba ta amsa masa. Mun sani, in kina tsakiyar tuya ya kama zaninki, babu abin da ke sa shi shiru kamar a kunna masa katun. Amma shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Gwangwanin madara da murfin tukunya da ludayi sun fi koya masa abu, ko da za su fi damun maƙwabta.

Sai shekarar "a'a". Tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku, yaro ya gano cewa shi mutum ne mai ra'ayi, amma ba shi da kalmomin da zai faɗi ra'ayin. Ki ba shi kofi ja, ya faɗi yana birgima shi shuɗi yake so, ki kawo shuɗin ya wurgar. Ba aljanu ba ne, ba kuma baki aka yi masa ba. Yawanci in kin duba, yunwa ce ko barci, don ɗan wannan shekaru yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana da yini, har da na rana. Duka a wannan lokaci tsoro kawai yake koyarwa. A ɗauke shi daga wurin, a bari guguwar ta wuce, abin da aka hana kuma ya tabbata a hane, kada kuka ya sa a janye. Kuma don Allah mu daina cewa "ka yi shiru ko in kira mai allura". Mu ne za mu ɗauke shi gobe mu kai wa mai allurar. Mai hawa bayanmu muna sujada ma a yi masa haƙuri. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama.

Yanzu azumi da Sallah, inda tsarin yaro yake watsewa gaba ɗaya.

Yaro ba ya azumi, amma gidan yana azumi. Wannan magana muna so ta zauna. A watan Ramadan murhu ba ya ganin wuta sai bayan azahar ko la'asar, uwa ta kwana tsaye, da safe tana ramuwar barci, masu ƙosai da kunu na unguwa duk sun koma yamma. Ɗan shekara biyu ya tashi da hantsi, a miƙa masa biskit ko ragowar sahur mai sanyi, shi ke nan sai an sha ruwa. Kwana talatin a haka, a kuma ce yaron nan azumi ya ramar da shi kamar shi ke yi. A ware masa nasa tun sahur, a rufe, a ɗumama shi ya yi zafi sosai kafin a ba shi. A dama masa kunu a filas. Ruwa kuma a riƙa miƙa masa, don mai azumi ba ya tunawa wani yana jin ƙishi a ba shi. Mai shayarwa da ta ga azumi yana taɓa ta ko yaron, addini ya yi mata sauƙi, ta tambayi malamai yadda za ta yi.

Ranar Sallah kuma, mu faɗi gaskiya, kwalliyar yaro tamu ce. An je Kantin Kwari an yanko shadda, an sa mata sitaci ta tsaya ƙyam, ga hula, ga tabarau, ga takalmi mai ƙara da aka sayo da girma wai zai tarar da shi. Mutumin da wata uku ke nan da fara tafiya, an sa masa takalmin da ya fi ƙafarsa da babbar riga tana jan ƙasa, ya taka ɗaya biyu sai ƙasa. Telolinmu na ƙungiya, ku riƙa ba iyaye shawara: yadi mai laushi, wuya mai faɗi, wando mai roba da za a iya zamewa da sauri, don mai koyon zaman fo ba ya jiran a kwance mazagi. A yi hoton da shaddar, sannan a sauya masa. 'Yan mata kuma a sassauta kitso, kan bai yi ƙwarin da za a ja shi har ya yi ƙuraje ba. Jan lalle namu na gargajiya ba shi da laifi, amma baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi yana iya ƙona fatar yaro ya bar tabo. Kwallin dutse ma an sha gwadawa a tarar da dalma a cikinsa, ga yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Idonsa ya yi kyau haka nan.

Yawon Sallah gida goma a yini, kowane gida a ce zo nan, a ɗauke shi, a sumbace shi, shi kuma ya ƙanƙame uwa yana tsala ihu. Sai a ce yaron nan ƙiwa gare shi, uwarsa ta ɓata shi. Ƙiwa a wannan shekaru alama ce ya san nasa ya san baƙo. A bar shi a cinyar uwa ya gama kallon mutane, da kansa zai sauka. A rage gidajen, a raba su kwana biyu ko uku, a bar masa barcinsa na rana. In ana hawa, Daushe ne ko Nasarawa, kada a ba 'yar shekara tara goyon ƙaninta ta kutsa cikin dawaki da ƙarar bindiga. Kowace Sallah sai mun ji cigiyar yara a masallatai da gidajen rediyo, mafi yawa waɗanda ba su iya faɗin sunan babansu ba. Ko 'yar takarda mai lambar waya a saka masa a aljihu.

Babbar Sallah ta fi haɗari, don wuƙaƙe ne a ƙasa, ga baho cike da ruwa, ga kaskon suya kwana biyu a kan wuta. Naman kansa alheri ne ga yaro, yana ƙara jini, wani yaron ma sai shekara-shekara yake samunsa haka. Amma soyayyen nama mai tauri, da gyaɗa ɗai-ɗai, da alewa mai ƙarfi, da aya, da ƙwallon dabino, su ne ke shaƙe yara, don ba su iya tauna su ba tukuna. A yi masa dambu, ko a dafa ya yi laushi a yayyaga, ya ci a zaune, ba yana gudu ba. In abu ya maƙale ya kasa kuka ko tari, a kifa shi a cinya kansa ya yi ƙasa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi. Kada a zura yatsa ana lalube, tura shi ciki ake yi.

Kuɗin barka da Sallah kuwa, "kawo Umma ta ajiye maka", kowa a nan ta san inda ajiyar take ƙarewa. Ma'aji ta ce littafinta a buɗe yake ga mai son ajiyar ta zama gaskiya.

To, mu dawo wurin aikinmu, don nan roƙonmu yake. Sana'armu a tsakar gida take, ko a rumfar ƙungiya, kuma duk a ƙasa muke yinta, daidai tsayin mai tatata. Kaskon ƙuli-ƙuli da mai yana tafasa. Sodar sabulu da aka jiƙa a bokiti, fara tas kamar ruwa. Kalanzir da fiya-fiya a robar lemo. Allura da reza a gindin keken ɗinki. Bokitin ruwa, wanda ko rabi bai kai ba ya isa ya halaka yaro in ya faɗa da ka, kuma ba za a ji motsinsa ba. A 2010 a Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu da gubar dalma, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Iyayen neman halal suke yi kamar mu. Namu kayan ba su kai wannan ba, amma darasin wurin aiki da wurin wasan yaro ɗaya ne. In tsautsayi ya faɗa aka ƙone, ruwa mai sanyi za a yi ta kwararawa kamar minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da gishiri. In kalanzir ko soda ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a nufi asibiti da robar a hannu.

Dabarar da muka saba ita ce a ce wa babbar yarinya ta riƙe shi. Ita ma yarinya ce, kuma ranar da ta riƙe shi ba ta je makaranta ba.

Ga abin da kwamiti yake roƙo. Mun iya adashin kuɗi, muna so mu gwada adashin raino. A ware ɗaki ɗaya ko gefen rumfa nesa da wuta, a kewaye shi, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye randa mai murfi da fo da sabulu. Duk ranar aiki mata biyu su zauna da yaran, a riƙa karɓa-karɓa, kuma a lissafa musu ranar a matsayin ranar aiki, rabonsu na riba kada ya ragu ko kwabo. In ba a yi haka ba, babu wadda za ta yarda ta bar kasko, kuma ba za mu ga laifinta ba. Iyayenmu da ƙarfin tuya ya fara yi musu nauyi, in sun yarda su shiga, mun fi kowa murna, don tatsuniya da wasan kaka ba a sayensu a kasuwa. Na biyu, cikin abin da muke sarowa a ware kaɗan a riƙa yin garin kunun yara, a sayar wa mambobi a kan kuɗin da aka kashe, ba riba. Na uku, a nemo tef ɗin awon damtse a riƙa auna yara a zaman wata. Ba ya bukatar karatu: kore lafiya, rawaya a ƙara kula a kuma je a duba, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti a ranar. Mun san akwai masu cewa wannan zai taɓa riba. Zai taɓa, kaɗan. Ma'aji za ta kawo lissafin abin da zai ci, a gani a fili kafin a yanke.

Masu gidajenmu, ba mu manta da ku ba. Abu biyu muke nema. In za a yi cefane, a tuna akwai mai ƙaramin ciki a gidan, ƙwai ɗaya ko ayaba biyu a aljihu ba za su gagara ba. Sannan izinin asibiti a ba da shi tun yau, a ce in yaro ya yi zafi, ko yana jijjiga, ko numfashinsa yana sama-sama, ki tafi ko ba na nan. Zazzaɓin ɗan shekara biyu ba ya jiran a dawo daga kasuwa, kuma waya ba kullum take shiga ba. In kun dawo da yamma kuma ya rugo ya riƙe ƙafarku da hannunsa duk miya, a ɗauke shi, rigar mu za mu wanke.

Za a kaɗa ƙuri'a a kan roƙon nan a zaman wata mai zuwa. Kowace uwa ta zo da katin rigakafin yaronta, wadda nata ya ɓata ta zo a haka, za a duba yadda za a yi. Masu son shiga jerin farko na raino su ba sakatariya sunansu kafin a tashi.